Aƙida a Ɗakin Aure da Bakin Kabari: Nazari a Kan Matan Zumunta a Kano da Kewayenta

Gabatarwa

Duk wanda ya saba fita da sassafe ranar Lahadi a kan titin Zariya, tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku, ba zai rasa ganin mata biyu ko uku sanye da zane iri ɗaya ba, sun ɗaura kallabi, suna jiran abin hawan da zai kai su Sabon Gari. Wasunsu ma'aikatan jinya ne a asibitocin wannan yanki, wasu malaman makarantu, wasu kuma masu ɗinki ko sayar da abinci. Mazauna Babban Giji da Tarauni suna cuɗanya da su kwana shida na mako, suna miƙa musu 'ya'yansu a ɗakin awo da a aji, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar abin da zanen nan yake nufi. Anko ne na Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan aure da zawarawa da kusan kowace majami'a mai amfani da harshen Hausa take da irinta.

Darasin kwatanta addinai a jami'o'inmu ya fi tsayawa a kan mas'aloli uku: Triniti, gicciye Annabi Isa (AS), da gurɓatar littattafan da suka gabata. Matsayin Alƙur'ani a kan waɗannan a fili yake, kuma ba manufar wannan maƙala ba ce ta sake buɗe su. Abin da take son nunawa shi ne, aƙida ba ta ƙarewa a littafi ko a zauren muƙabala. Ita ce take yanke wa mace ko za a yi mata kishiya, ko tana da hanyar fita daga auren da ya zame mata azaba, da abin da za ta samu idan mijinta ya mutu, da abin da za ta yi da wanda ya kashe mata ɗa. Ɗalibin da ya haddace hukuncin taron Nikiya na shekarar 325 amma bai san waɗannan ba, ya san Kiristanci rabi da rabi, bai kuwa san maƙwabciyarsa ba sam.

Asalin al'ummar a taƙaice

A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Miller ya zauna a Zariya, daga baya aikin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, aka kuma buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A Kano kuwa Turawan mulki sun killace majami'u a Sabon Gari, sai ta hanyar magani mishan na SIM ya samu kusantar talakawa: wurin jinyar kutare na Yadakunya, da asibitin ido da aka buɗe a 1943. Daga aikin SIM ne majami'ar ECWA ta fito a 1954. Saboda haka matan da ake magana a kansu ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai Hausawa 'yan asalin ƙauyukan kudancin Kano da Katsina waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, akwai 'yan kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da Borno waɗanda Hausa ce harshen ibadarsu, sannan akwai Ibo da Yarabawa. Zumuntar Mata ta fi ƙarfi a rukunai biyun farko.

Akwai tarkon da mai nazari yake bukatar ya kiyaye tun daga nan, shi ne tarkon kalmomi. Masu fassara sun ɗebo kalmomin da Musulunci ya riga ya dasa a Hausa, suka ɗora musu wani nauyi dabam. Idan 'yar zumunta ta ce za ta je sujada, ba ɗora goshi a ƙasa take nufi ba, taron ibadar Lahadi take nufi gaba ɗayansa. Zakka a bakinta kashi ɗaya ce cikin goma na abin da ta samu, babu nisabi, babu jiran shekara. Kalmar da ta fi kowacce ruɗarwa kuwa ita ce alheri.

Alheri da lada

A wurin Bahaushe alheri kyautatawa ce da mutum yake yi wa ɗan'uwansa. A koyarwar majami'un bishara, waɗanda suka gaji Martin Luther da gyaran da ya faro a 1517, alheri shi ne ceton da Allah yake bayarwa kyauta ga wanda bai cancanta ba. Suna koyar da cewa kowane ɗan Adam an haife shi da zunubin gado, aikinsa ba zai iya kuɓutar da shi ba, sai bangaskiya ga mutuwar Yesu. Musulunci bai yarda da wannan ba tun daga tushe, domin a wurinmu ana haihuwar jariri a kan fiɗira, kuma babu rai da yake ɗaukar nauyin laifin wani.

Sai dai tambayar da ta fi amfani a nan ita ce: idan aiki ba ya ceto, me ya sa waɗannan mata suka fi kowa aiki a majami'a? Su ne masu share ta, masu dafa abincin taro, masu ziyarar marasa lafiya da masu jego, masu tara gudunmawa idan an yi rashi. Amsar da koyarwarsu take bayarwa ita ce aiki 'ya'yan itace ne, ba saiwa ba. Godiya ce a kan abin da aka riga aka samu. Musulma idan ta je dubiya takan yi zancen lada da take fata. 'Yar zumunta takan kira abin da ta yi hidima ko shaida. Ƙafafun duka biyun sun taka hanya ɗaya zuwa gadon asibiti ɗaya, amma lissafin da ke zuciyar kowacce dabam ne.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne wurin jana'iza. Musulmi da dama sukan yi mamaki, wasu ma su ɗauka rashin tausayi ne, idan suka ga mata suna buga tulu da kacau-kacau suna waƙa a gidan mutuwa. Abin ya samo asali ne daga abin da suke kira tabbacin ceto: tun da ceto bai rataya a kan awon ayyuka ba, mai bi da ya mutu ana ɗaukar ya riga ya isa gida. Musulmi kuwa yana rayuwa tsakanin tsoro da fata, ba ya yanke wa kowa Aljanna sai wanda nassi ya ambata, shi ya sa zaman makokinmu addu'ar neman gafara ce. Kuma ko a cikin Kiristocin ba a haɗu ba. 'Yar ECWA ba ta roƙa wa mamaci gafara, domin a wurinta an riga an rufe littafinsa, alhali 'yar Katolika tana sa a yi masa addu'a, musamman a watan Nuwamba, saboda imaninta da wani matsayi na tsarkakewa bayan mutuwa.

Mace ɗaya, aure ɗaya

Babu inda aƙida ta fi taɓa jikin mace kamar aure. Majami'u suna kafa hujja da sura ta 2 ta littafin Farawa da sura ta 19 ta Matiyu a kan cewa aure haɗin mutum biyu ne kawai, kuma mutuwa ce take raba shi. Katolika ta ƙara da cewa sakramenti ne, wato ibada ce mai tsarki wadda babu mai ikon warware ta idan ta ƙullu daidai. Yawancin majami'un bishara ba su kira shi haka ba, amma a aikace tsananinsu bai yi nisa da na Katolika ba.

Wannan koyarwa ta shigo ƙasar da auren mace fiye da ɗaya ya zama ruwan dare, a wurin Musulmi da Maguzawa baki ɗaya. Taron bishop-bishop na Angilikan da aka yi a Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba muddin yana tare da su, kuma yawancin sauran mishan sun bi wannan sawu. Sai bayan shekara ɗari, a taron 1988, aka sassauta da sharuɗɗa. A tsakanin nan, magidancin da yake son cikakken shiga majami'a sai ya zaɓi mace ɗaya ya sallami sauran. Ba sai an faɗa ba, wadda aka sallama ita ce ta biya kuɗin tubar mijinta. Har yau a majami'u da dama namijin da ya ƙara aure ana sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi cin Jibin Ubangiji, ita ma matar ta biyu ba ta samun cikakken matsayi a tsakanin 'yan'uwanta mata. A ƙauyukan da Maguzawa suka karɓi Kiristanci an samu wani canjin kuma: majami'un bishara sun haramta giya, alhali dafa burkutu na cikin hanyoyin da mace take samun kuɗin kanta.

Idan aka dubi abin ta fuskar uwargida, ribar a bayyane take. Ba ta kwana da fargabar kishiya, kuma babu kalma ɗaya da miji zai furta da rana tsaka ta tattara kayanta. A garin da yawan zawarawa ya kai gwamnati ta fara ɗaukar nauyin aurar da su ta hannun Hisba tun 2012, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma matan zumunta suna sane da shi, suna kuma alfahari da shi.

To amma ƙofar da aka rufe don kada a kore ta, ita ce dai aka rufe don kada ta fita. Musulmar da aure ya gallabe ta tana da khul'i, tana da alƙali da zai raba auren saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, kuma bayan idda ta yi wani auren babu abin kunya. Kiristar da aka ɗaura aurenta a ƙarƙashin dokar aure ta ƙasa sai ta je babbar kotu, bisa dokar 1970, da lauya da kuɗi da jiran shekaru. Ko ta samu takardar, majami'arta tana iya ƙin ɗaura mata wani auren muddin mijin farko yana raye. Abin da ya rage mata shi ne haƙuri, kalmar da matan Hausa na addinan biyu suka fi ji daga bakin iyayensu.

A nan ne tunanin matan kansu yake fitowa, domin ba karɓa kawai suke yi ba. Nassin da aka fi karanta musu shi ne sura ta 5 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, inda aka umarci mata da biyayya ga mazansu. Masu ilimi a cikinsu sukan nuna cewa ayar da ta gabaci wannan umarni ta nemi masu bi su yi wa juna biyayya, kuma ayoyin da suka biyo baya sun ɗora wa miji nauyin da ya fi na matar, wato ya ƙaunace ta har ya ba da ransa dominta. Suna kuma jawo sura ta 3 ta Galatiyawa, wadda ta daidaita namiji da mace a gaban Allah, da sura ta 7 ta Korintiyawa ta ɗaya, wadda ta san da yiwuwar mace ta rabu da mijinta ta zauna ba aure. Da wannan suke kafa hujjar cewa barin gidan da ake dukan mace ba saɓon Allah ba ne, ko da ba a kira shi saki ba. Dokar cocin Katolika ma ta yarda da irin wannan rabuwar zama. A ganina wannan muhawara ta yi kama ƙwarai da wadda malamanmu suke yi a kan ma'anar ƙiwama da nushuzi, kuma a ɓangarorin biyu matsalar ba ta cika zama ta nassi ba, ta wanda aka bar wa fassara ce.

Rashin haihuwa yana ƙara wa lamarin zafi. Inda Musulmi zai ƙara aure ya riƙe ta farko, Kirista ba shi da wannan hanya a fili, sai matsin dangi ya sauka kacokan a kan matar. Shi ya sa labaran Saratu da Hannatu da Alisabatu, waɗanda suka haihu bayan an fid da rai, suke da girma a waƙoƙin zumunta, shi ya sa kuma majami'un Fentikos masu alkawarin warkarwa da buɗi suke cika da mata a taron addu'ar dare. Sai dai koyarwar da ta ce bangaskiya mai ƙarfi dole ta kawo amsa tana da kaifi biyu. Wadda ta shekara goma tana azumi ba ta samu ba, sai a bar ta da zargin kanta. Tsofaffin majami'u irin su ECWA da Katolika sun fi karkata ga cewa Allah yana bayarwa yana hanawa bisa hikimarsa, matsayin da Musulmi zai gane nan take.

Bayan mutuwar miji

Musulma tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, tana da rubu'i ko sumuni a dukiyar mijinta, kuma kowane alƙali ya san wannan. Sabon Alkawari bai yanka wa kowa kaso ba. Ya yi umarni mai ƙarfi da a kula da gwauraye da marayu, har wasiƙar Yakubu ta sa wannan a cikin ma'anar addini na gaskiya, ya kuma halatta wa wadda mijinta ya mutu ta sake aure, amma bai kawo ilimin fara'id ba. Giɓin da aka bari sai al'ada ta cike shi, al'adun ƙabilu da dama kuwa ba sa ba mace gadon gida ko gona. Sai a ga matar da ta yi shekara talatin tana gini tare da mijinta a Kano, ranar da aka kai gawarsa garinsu 'yan'uwansa su nemi takardun gida.

Matan majami'u sun yaƙi wannan da nassi da kuma kotu. Sukan kafa hujja da labarin 'ya'yan Zelofehad mata a sura ta 27 ta Littafin Ƙidaya, waɗanda suka kai kuka ga Annabi Musa (AS) aka ba su gadon mahaifinsu. A 2014 Kotun Ƙolin Nijeriya, a shari'ar Ukeje da ta Anekwe, ta rushe al'adun da suke hana 'ya mace da matar mamaci haƙƙinsu. Amma hukuncin Abuja ba ya isa kowane ƙauye, saboda haka a aikace asusun zumunta da rakiyar 'yan'uwa mata su ne garkuwar farko.

Gafara

Majami'ar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ta faro ne a Garkida a 1923, kuma ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa daga uwar majami'arta ta Amurka. Wannan aƙida ta gamu da jarrabawa mafi tsanani a zamanin Boko Haram. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok ranar 14 ga Afrilu, 2014 'ya'yan wannan majami'a ne, kuma a watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Uwar da aka koya mata tun tana yarinya cewa gafarar da take nema a wurin Allah tana haɗe da gafarar da take yi wa wanda ya cuce ta, yanzu an sa mata wannan a gaba ba a matsayin karatu ba. Dakta Rebecca Dali, masaniyar tauhidin Kirista daga wannan majami'a, ta shahara da tattara sunayen waɗanda aka kashe da tallafa wa zawarawa da marayu, Kirista da Musulmi, har aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017.

Shari'ar Musulunci ta ba waliyyin wanda aka kashe zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, ta kuma kwaɗaitar da afuwa ba tare da ta wajabta ta ba. Koyarwar Kirista ta mayar da yafewa wajibi a kan zuciyar mai bi, ta bar hukunci a hannun hukuma. Wajabcin yana iya 'yantar da mutum daga ƙullaci, yana kuma iya zama kaya a kan wadda aka hanzarta ta ta ce ta yafe tun hawayenta bai bushe ba.

Wa yake da mimbari?

Katolika da Angilikan ta Nijeriya da ECWA ba sa naɗa mace limamin coci, masu wannan ra'ayi kuwa suna dogara da sura ta 2 ta wasiƙar farko zuwa ga Timoti. Wasu majami'un Fentikos sun saɓa, kamar yadda Margaret Idahosa ta gaji shugabancin majami'ar mijinta a Benin bayan rasuwarsa a 1998. A fagen ilimi kuma Mercy Amba Oduyoye ta jagoranci kafa da'irar mata masana tauhidi na Afirka a Accra a 1989. Amma ga yawancin matan Arewa, mimbarinsu waƙa ce. Su suke tsara ta da Hausa, su cusa mata nassi da gargaɗi, wani lokaci har da hannunka-mai-sanda ga maza da shugabanni, su rera ta a gaban taron da ba a ba su damar yi wa wa'azi ba. Wanda ya san tarihin Nana Asma'u da jajis ɗinta na 'Yan Taru ba zai ga baƙon abu a nan ba, duk da cewa babu hujjar cewa ɗaya ya samo daga ɗaya.

Idan aƙidun biyu suka haɗu a gida ɗaya

Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta wa Musulmi auren kamilar mace daga Ma'abota Littafi, kuma irin wannan aure yana faruwa a Kano, musamman tsakanin abokan aiki da abokan karatu. Imam Malik ya karhanta shi, daga cikin dalilan da malaman mazhabarsa suka kawo akwai tarbiyyar 'ya'ya da kuma cewa mijin ba shi da ikon raba ta da al'amuran addininta. Ta ɓangarenta ma ba a sake mata ba: majami'un bishara suna hana auren wanda ba mai bi ba bisa sura ta 6 ta Korintiyawa ta biyu, Katolika kuma sai da izinin bishop.

Matar da ta tsallake duk wannan ta shigo gidan Musulmi tana shigowa ne da fahimtar cewa aure ɗaya ne har mutuwa, alhali mijinta yana da damar ƙara uku, yana kuma da saki a hannunsa. Idan ya rasu tana kan addininta, za ta yi masa takaba kamar kowace mata, amma ba za ta gaje shi ba, domin saɓanin addini yana hana gado. Danginta ma suna iya juya mata baya saboda auren da ta yi. Hanyar da fiƙihu ya bari a buɗe ita ce kyauta da ya mallaka mata ta karɓa tun yana da rai da lafiya, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba, tun da ita ba magajiya ba ce. Waliyyai da limaman da suke ɗaura irin wannan aure a unguwanninmu ya kamata su faɗa wa ango da amarya wannan tun kafin a shafa fatiha, a kuma rubuta abin da aka amince a gaban shaidu.